Tukunyar Ƙanƙarar Gwani Mai Aski

Duk layin nan babu wanda ya raɗa wa mai askin nan suna Gwani. Shi ya raɗa wa kansa, ya kuma sa aka rubuta da jan fenti a saman ƙofar shagonsa don kada wani ya manta. Da yake ba a cika son doguwar gardama da mutumin da ke riƙe da reza kusa da maƙogwaro ba, sai mutane suka bar masa sunansa.

A yi masa adalci, ya iya aski. Abin da ya ɓata shi gahawa ce. Kofi bakwai yake ɗirkawa kafin la'asar, baƙa wuluk, daga wani tsohon fulas da ba ya barin gefen madubi. Sannu a hankali hannunsa ya fara rawa. Ranar da abin ya fito fili, Tela maƙwabcinsa ne ya zo gyaran gashin baki. Gwani ya rage dama, ya ga ta fi hagu gajarta, ya rage hagu, ya dawo dama, har Tela ya tashi daga kujera leɓensa fayau kamar na jariri. Tun daga nan masu zuwa aski suka fara sulalewa zuwa sabon shagon da aka buɗe a bakin titi.

Mutum ɗaya ne bai gudu ba, wani tsoho mai farin gemu har ƙirji, wanda har bayan ritayarsa kowa ke kira Hedimasta. Duk Asabar da hantsi zai dogaro sandarsa ya zo, a tsiyaya masa kofi ɗaya daga fulas, ya kishingiɗa ya rufe ido, a gyara masa gemu. Shi ne abin tutiyar Gwani.

“Shekara ashirin, babu hannun da ya taɓa gemun nan sai nawa!” in ji shi ga duk wanda ya tsaya. “Masu ilimi su suka san hannu.”

A baki ke nan. A ciki kuwa tsoro ne fal. Ya sani sarai ranar da Hedimasta ya bi sauran zuwa bakin titi, ranar zai nemo tsani ya goge jan fentin nan da hannunsa.

Matarsa ce ta ja shi gaban likita. Likita ya ce a rage gahawa a hankali, kofi ɗaya da safe ya isa, in ƙwaɗayin ya taso a sha markaɗen 'ya'yan itace mai sanyi, irin su sitiroberi da ƙananan 'yan'uwansa shuɗaye, a haɗa da madara da ayaba.

“Ragewa?” Gwani ya ce tun ba su fita harabar asibitin ba. “Wannan ai aikin raggwaye ne. Ni dainawa zan yi, yau ɗin nan.”

“Baban yara, likita dai ya ce a hankali.”

“Likita bai san da wa yake magana ba.”

Washegari Litinin ya tara Tela da Mai Walda na tsallaken layi a ƙofar shago, ya ɗaga fulas sama yadda kowa zai gani, ya miƙa wa matarsa. Sannan ya yi shela: ran Asabar kowa ya zo, zai shayar da layin nan abin shan lafiya da hannunsa, ya kuma gyara gemun Hedimasta a bainar jama'a, a ga ko akwai sauran rawa.

“Allah ya kai mu,” in ji Tela, yana shafa wurin da gashin bakinsa yake a da. “Zan zo in zauna nesa.”

Da yamma Gwani ya shigo gida da kwali guda cike da 'ya'yan itacen, jajaye da shuɗaye. Ya zauna ya tsince ƙananan ya ture gefe, wai ba su dace da baƙinsa ba. Matar ta tsaya a ƙofar kicin tana kallonsa.

“In daskarar da su za ka yi, ka wanke, ka bari su tsane,” ta ce. “Sai ka jera su ɗai-ɗai a faranti, ka sa a firiza. In sun yi ƙarfi a ƙulla su a leda, daidai na sha ɗaya-ɗaya.”

“Ɗai-ɗai? Sojoji ne da zan jera su? Ke uwar yara, ni za ki koya wa sanyi?”

Ya jawo babbar tukunyarta, mai faɗin ciki da ƙaramin baki, ya juye su duka. Ya duba ya ga akwai sarari a tsakaninsu, sai ya ɗebo ruwa ya cika ta har wuya.

“Ruwan kuma na mene ne?”

“Don kada su bushe. Ilimi ne, ba za ki gane ba.”

Ta bari ya gama nishinsa ya cusa tukunyar a firiza, sannan ta kwashe ƙananan da ya ture ta nufi famfo da su.

Ranar Talata da safe Gwani ya buɗe shago yana taƙama. Kafin azahar kansa ya fara sara kamar Mai Walda ya koma aiki a cikinsa. Ya yi hamma har haƙarƙarinsa ya amsa. Ya zauna a kujerar aski don ya huta minti ɗaya, ya farka ya ga Tela a ƙofa yana yi masa fifita da kwali.

“Sannu Gwani. Lafiyar ce ta yi yawa?”

“Tunani nake yi.”

“Da minshari?”

Tela na fita, Gwani ya tuna da wani ƙullin garin gahawa da ya taɓa mantawa a bayan gwangwanin hoda. Butar dafa ruwan tawul kuma tana nan. Sai dai a me zai sha? Kofi zai tona shi, fulas ya tafi. Idonsa ya sauka a kan gorunan feshi guda biyu da yake jiƙa gashi da su, baƙaƙe, iri ɗaya sak, ba a ganin cikinsu. Nan take ya ji ya burge kansa. Ya dafa, ya fifita ta huce, ya ɗura a ɗaya, ya ɗaura mata robar ɗauri a wuya don shaida. Daga ranar, duk bayan rabin awa sai ya juya wa titi baya kamar mai gyara kaya, ya buɗe baki, fish, fish, fish. Ya juyo yana washe haƙora, yana gaya wa masu wucewa cewa barin gahawa ba komai ba ne in mutum yana da zuciya.

Asabar ta zo. Tun a gida aka fara kokawa, domin tukunyar ta manne da gindin firiza, sai da ya dafa bango da ƙafa ya fizgo ta. Ya naɗe ta da tawul, ya rungumo ta har shago yana tafiya kamar agwagwa. Ya tarar benci ya cika, wasu na tsaye. Ga Tela da farin yadin wani mai ɗinki a kafaɗa, ga Mai Walda, ga Hedimasta a kujerar roba. Yau har da 'yar Hedimasta, malamar asibiti, wadda ta ji an ce abin shan lafiya za a raba ta ce sai ta rako Baba ta gani.

Gwani ya dire tukunyar a tebur kusa da bilendar markaɗen matarsa, ya yi gyaran murya.

“Jama'a, abin da za ku sha yau, a manyan otal-otal kawai ake samunsa.”

Ya buɗe murfi, ya kifa tukunyar a kan faranti. Shiru. Ya jijjiga. Shiru. Ya leƙa ciki, ya ga dutse guda ja jawur, 'ya'yan itacen na kallonsa daga can cikin ƙanƙara.

“Kunya suke ji?” in ji Tela.

“Haka ake so. Alamar sun daskare da kyau ke nan.”

Ya buga gindin tukunyar da tafin hannu, hannun ne ya ji jiki. Ya soka wuƙa, bakinta ya lanƙwashe. Ya gwada da wutsiyar mataji, matajin ya karye biyu. Mai Walda ya matso ya auna bakin tukunyar da yatsu, ya auna cikinta.

“Maigida, abin da ke ciki ya fi ƙofar girma. Ko shekara za ka yi ba zai fito a dunƙule ba.”

“Kai ƙarfe ka sani. Wannan harkar abinci ce.”

Ya jona dirayar busar da gashi, ya kafa ta a bakin tukunya. Minti goma sha biyar tana ihu, jama'a na kallo, gumi na tsiyaya daga goshinsa. Abin da ya samu bai wuce cokali uku na jan ruwa ba, sai ƙaurin wayar da ta fara narkewa. Ga kansa ya fara sarawa, domin tun safe idanu ba su bar shi ya juya baya ya yi feshi ko sau ɗaya ba.

“Kawo gudumarka,” ya ce wa Mai Walda ƙasa-ƙasa.

“Na ɗauka harkar abinci ce.”

“Kawo, don Allah.”

Aka kawo guduma da wani ƙarfe mai tsini. Mai Walda ya ce a bar shi ya yi, Gwani ya ce ba a taya gwani aikinsa. Bugun farko ya kuskure ƙarfen ya samu tukunya, ta loɓa. Bugu na biyu wani gutsuren ƙanƙara ya yi tsalle ya daki madubi, tsaga ta ratsa shi daga sama har ƙasa. Bugu na uku jan ruwa ya yi feshi ya sauka a kan farin yadin da ke kafaɗar Tela.

“Innalillahi! Yadin mutane! Gwani, ka aske min baki, yanzu kuma sana'ata za ka aske?”

“Ado ne. Ka ce masa sabon yayi ne.”

A bugu na bakwai aka samu wani gutsure kamar dunƙulen hannu. Gwani ya ɗaga shi sama, benci ya yi tafi don tsokana, shi kuwa ya ɗauka na yabo ne har da rusunawa. Ya cusa shi a bilenda, ya zuba madara, ya manta da ayaba. Murfi ya ƙi rufuwa. Ya danna, ya ƙi. Ya waiga neman abin ɗaurewa, hannunsa ya kai kan gorar feshi, ya zare robar wuyanta ya ɗaure murfin da ita, hankalinsa duk yana kan jama'a.

“Ku matso ku ga ikon ilimi.”

Babu wanda ya matso. Tela ma baya ya ƙara ja.

Ya danna maɓalli. Bilendar ta yi wata irin ƙara kamar an taka wutsiyar kare, ta fara tafiya da kanta a kan tebur. Gwani ya bi ta ya rungume. Robar ta tsinke, murfi ya yi sama ya daki fanka, fanka ta raba abin da ke ciki daidai wa daida: silin, bango, hotunan salon aski, rigar Gwani, har da tabaran Mai Walda. Sai bilendar ta yi tari sau biyu, ta saki hayaƙi, ta yi shiru.

Abin da ya rage a gindinta bai cika rabin kofi ba. Tela ya karɓa ya kurɓa, ya juya shi a baki.

“Yaya?” in ji benci.

“Ruwa ne. Amma an taɓa ba shi labarin sitiroberi.”

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Daidai lokacin matar Gwani ta iso da jaka a hannu. Ta dubi tukunyarta, ta dubi bilendarta, ta dubi silin, ta nemi wuri ta tsaya. Wannan kallon nata ya fi dariyar ƙona shi.

“To, to, ya isa!” Gwani ya ɗaga hannu. “Abin sha ai ƙari ne. Magana tana ga hannu. Baba, bismillah, hau kujera.”

Hedimasta ya hau, ya waiga gefen madubi inda fulas ke zama, ya ga wayam, ya yi ajiyar zuciya ya rufe ido. Gwani ya yafa masa tawul. Ya miƙa hannu baya ya ɗauko gorar feshi, fuskarsa na ga jama'a.

“Ku shaida! Kwana shida rabon da gahawa ta wuce maƙogwaron nan.” Fish. “Ko ƙanshinta ban ji ba.” Fish, fish. “Wasu sai an kai su asibiti an ɗaure. Ni kuwa magana ɗaya na yi wa zuciyata.” Fish, fish, fish.

Ya lura dariya ta ɗauke. Ya ɗauka jawabinsa ne ya ratsa su, sai ya ƙara feshi uku. Sannan wani ƙanshi da ya sani fiye da sunansa ya bugi hancinsa. Ya juya a hankali.

Farin gemun nan na shekara ashirin ya koma ruwan ƙasa tun daga leɓe har ƙirji, yana ɗiga a kan tawul.

“Sabon rini ne,” Gwani ya fara cewa. “Daga waje ake...”

“Da sukari a ciki?” in ji Mai Walda, yana shinshina gorar.

Kowa Hedimasta yake kallo. Tsohon bai buɗe ido ba. Hancinsa ne ya motsa. Sai harshensa ya leƙo a hankali, ya lashi gashin baki ta dama, ya lashi ta hagu. Fuskarsa ta saki kamar ta wanda ya dawo gida daga doguwar tafiya.

“Ɗana,” ya ce a hankali, “ƙara kaɗan ta nan gefen.”

“Baba!”

'Yarsa ce. Ta taso har jakarta na faɗuwa.

“Baba, shekara biyu da likita ya hana ka gahawa! Na kwashe ta daga gidan kaf! Ashe shi ya sa duk Asabar kake dawowa kana waƙa, ka ƙi barcin rana, ka hana kowa sakat da labarin ɗalibanka?”

Hedimasta ya buɗe ido ɗaya, ya mayar ya rufe.

Gwani ya manta da benci, ya manta da Tela. Ya durƙusa gefen kujera.

“Baba, tsakaninka da Allah. Ba don hannuna kake zuwa ba?”

Tsohon ya ga babu wurin ɓuya.

“Shekara goma sha takwas don hannunka na zo. Biyun nan na ƙarshe kuwa, ɗana, kana tsammanin barci nake yi in na rufe ido? Addu'a nake yi. Kofi ɗayan nan ne ke ba ni ƙarfin halin zama.”

Benci ya sake fashewa, Tela har da zama a ƙasa. Gwani bai ji su ba. Maganar ta soke shi inda bai taɓa zato ba. Ya dubi hannunsa, yana rawa a gaban kowa.

“Tashi mu tafi, Baba,” in ji 'yar. “Daga yau shagon bakin titi zan riƙa kai ka.”

Sai matar Gwani ta buɗe jakarta ta fito da fulas. Shi ne dai, tsohon fulas ɗin da aka miƙa mata ran Litinin. Ta jera ƙananan kofuna a bakin tebur inda ja bai taɓa ba, ta tsiyaya wani abu mai kauri, mai sanyi, launinsa tsakanin ja da shuɗi.

“Na ƙananan nan ne da ba su dace da baƙi ba,” ta ce, ba ta dubi mijinta ba. “Sojojin da na jera. Tun da safe na markaɗa, kafin a ɗauke min bilenda a kai ta lahira.”

Ta miƙa wa Hedimasta na farko, ta ba 'yarsa, ta ba Tela. Tela ya kurɓa ya yi shiru, abin da ba a taɓa gani ba. Na ƙarshe ta sa a hannun Gwani, ta riƙe hannun da nata har ya kai baki, don kada ya zube.

Hedimasta ya shanye nasa, ya lashe baki, ya gyara zama a kujera.

“Ba inda za ni da gemu kalar shayi,” ya ce wa 'yarsa. “Wanda ya ɓata shi zai wanke. Na ba shi Asabar uku. In hannun bai tsaya ba, ki kai ni duk inda kika ga dama.”

Matan biyu suka koma gefe suka yi shawarar da ba a nemi ra'ayin kowa ba. Gwani zai sha kofi ɗaya da safe, a gida, a gabanta, yadda likita ya faɗa tun farko. Hedimasta ko ɗigo. Aka kwashe ƙullin bayan gwangwanin hoda, aka sauya gorunan feshi da farare masu nuna ciki. Tukunyar kuwa sai da ta yi yini biyu a tsakar gida kafin ta saki abin da ta riƙe.

Makon farko Gwani ya sha wuya, ya yi faɗa da fanka, ya yi faɗa da ƙuda. Mako na biyu ya fara barci kamar mutum. Kafin na uku an ji shi yana koya wa Mai Walda yadda ake jera 'ya'yan itace ɗai-ɗai a faranti, wai dabara ce da ya daɗe yana nazari a kanta.

Asabar ta uku da hantsi Hedimasta ya dogaro sandarsa. Babu taro, sai Tela da ya jingina a ƙofa, gashin bakinsa ya fara tsirowa, yana riƙe da shi da yatsu biyu kamar za a ƙwace. Gwani ya tsiyaya wa tsohon markaɗe daga fulas, ya yafa masa tawul, ya ɗauki almakashi. Hannun ya tsaya cak, almakashin bai yi ƙara ba sai da ya sa shi.

Hedimasta ya karkato kai, ya yi raɗa.

“Wace gorar ce a cikin biyun?”

“Duk ruwa ne, Baba.”

“Duka?”

“Wallahi duka.”

Tsohon ya yi dogon tsaki.

“To me ya kawo ni?”

Ya ɗaga haɓa, ya miƙa gemunsa. Gwani ya sa almakashi, ya dubi tsagaggen madubi don ya daidaita gefe da gefe, sai suka haɗa ido. Hedimasta bai rufe nasa ba.